Jan Fenti a Ƙofar Bayan Tanki

2 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ya rage a gidan. Mu nan lafiya lau, sai ɗan hawan jini da likita ya ce yawan karatu ne ya jawo mini. Mai ɗakina tana gaishe ki, ko da yake ba ta san ki ba.

Na san za ki yi mamakin wannan wasiƙa. Ni ne jikan Baba Akawu, ƙanen kakanki. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ina ɗan shekara tara, ranar da aka kawo mu ganin garin, na taka kashin jaki da sabon takalmi, kika yi ta dariya. Yanzu ina koyar da tarihi a jami'a, Dakta ake ce mini.

Kwamitin ci gaban garinku ne ya roƙe ni in rubuta tarihin kafuwar garin. Suna so su gina babban zaure da sunan kakana, wanda kowa ya san shi ya buɗe tasha, gari ya taru a bayansa. Gaskiya da farko na so in ƙi. Wane tarihi ne a wurin da jirgin ƙasa ma ya gaji da tsayawa, sai sau ɗaya a mako? Titi ɗaya, kasuwa ɗaya, da wani tsohon tanki da tsatsa ta cinye. Amma tunda sunan gidanmu ne a ciki, na ga bai kamata in bar wa wani ba.

An ce mini kin yi aiki a ɗakin kaya na tasha, har kin iya rubutu. Madalla. Ki rubuto mini abin da kika ji a bakin tsofaffi game da Baba Akawu: yadda ya iso, yadda ya raba wa mutane filaye, da irin kwarjininsa. A taƙaice don Allah, kuma ban da tatsuniya.

Ƙanenki,
Dakta


Bayan Tanki, 12 ga Fabrairu

Dakta,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da gwiwar hagu, ita kuma ba karatu ne ya jawo ta ba, tsayuwar shekara talatin da ɗaya ce a kan siminti. Ka gaida mai ɗakin naka da ba ta san ni ba. Na tuna ka sarai. Ba kashin jakin ne ya ba ni dariya ba, kukan da ka yi ne, har da majina, kana cewa a mai da kai gida.

Ka ce a taƙaice. To ga taƙaicen: kakanka ko turken akuya bai kafa a garin nan ba.

Lokacin da aka shimfiɗa layin dogo babu wanda ya yi nufin gari a nan. Daji ne, ko rijiya babu. Tashar da kamfanin jirgi ya tsara tana mil 212, a bakin kogi, inda jirgi zai sha ruwa. Jirgin wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya, ko ba a koyar da wannan a jami'a? Aka ɗoro tankin ruwan a kan tarago, cikin ƙaton akwatin katako, aka ce kakana ya raka shi, shi ne shugaban lebura. Bai iya karatu ba, sai aka haɗa shi da ƙanensa, kakanka, don ya riƙa karanta lambar da ke jikin turakun mil. Ranar tafiya kakanka ya dubi buɗaɗɗen tarago, ya dubi farar rigarsa, ya ce kansa na ciwo. Ya ƙirgo tsakuwa arba'in ya zuba wa yayansa a aljihu. Ya ce duk turken da suka wuce ya jefar da ɗaya, in ta ƙare ya ɗaga jar tuta.

Ashe aljihun a ɓule yake. Tsakuwa bakwai suka zurare bai sani ba. Ta ƙare a mil 205, ya ɗaga tuta, direba ya ja birki, don a aikin jirgi ba a gardama da jar tuta. Mutum talatin suka sauke tanki da igiya, suka yi mako suna tsai da shi a kan ƙafafunsa, suka zuba siminti. Sai a kwana na tara injiniya ya tashi daga zazzaɓi, ya zo ya ga tankinsa a tsakiyar daji. An ce ya cire hularsa ya buga da ƙasa, ya hau kanta da ƙafa biyu. A tumɓuke tanki kuwa sai an rubuta wa manya, manya kuma sai sun tambayi inda injiniya yake ranar. Sai ya bar tanki inda yake, ya kori kakana.

Kakana bai tafi ba. Ya ce wa kakata, "Ni na ajiye shi inda babu ruwa, ni zan cika shi." Ta ce, "Da me, da yawu?" Ya ce, "Da jaki." Akwai wani rafi mil biyu daga nan. Ya samo jakuna biyu da garwa takwas, ya kama jigila daga safe zuwa yamma. Kamfani ya ga ruwa yana shiga tanki, ya yi shiru ya fara biyan sa. Katakon akwatin tankin kuwa da shi ya yi ƙofa da rufin ɗakin farko, ɗakin da nake zaune a ciki ina rubuta maka wannan. Har ya mutu Mai Aljihu ake ce masa, yana amsawa.

Kakanka sai bayan shekara uku ya iso, da aka gina ofishin tasha. Ya tarar da ɗakuna shida a jere, da maƙeri, da mai shayi. Mai raba filaye! Shi kansa wata huɗu ya yi yana kwana a ɗakin kakana, a kan tabarmar kakata.

Yanzu ga abin da kwamitinka bai gaya maka ba. Zauren nan a kan ɗakunanmu za a gina shi. Filin na kamfanin jirgi ne, jami'insu kuma ya ce duk ginin da ya girmi tasha ba za a taɓa shi ba, wanda bai girme ta ba a rushe. Ya ce da rahoton masani zai yi aiki. Kai ne masanin, Allah Sarki. Gida shida muke, duk tsofaffi da marasa ƙarfi. In ka rubuta cewa tasha ce ta riga mu, mun tashi ke nan.

Ba na neman komai a wurinka sai ka zo ka dubi bayan ƙofata. Rubutun kamfani yana nan da baƙin fenti, mil 212, inda ya kamata akwatin ya sauka. Jirgin Alhamis zai kawo ka. Jakunan sun ƙare, ka zo da takalminka mai kyau.

Yayarka ta Bayan Tanki


27 ga Fabrairu

Yaya,

Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ki riƙa gasa ta da ruwan zafi. Nawa jinin ya ɗan sauka, sai dai wasiƙarki ta so ta mai da shi sama.

Labarin tsakuwar ya burge ni, har na karanta wa abokan aiki a ɗakin shan shayi, aka sha dariya. Amma Yaya, kowane ƙaramin gari yana da irin wannan. Mutanen da ba su da abin tunƙaho su kan ƙirƙiro wani wawa mai sa'a su ce shi ne kakansu. Mu a fagen ilimi ba ma aiki da "an ce" da "kakata ta ce". Rubutacciyar hujja muke nema, mai kwanan wata da sa hannu. Ƙofa ba takarda ba ce. Katako kowa yana iya tsintar sa a bola bayan shekara ashirin ya rataya a ɗakinsa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne zancen farar riga. Hoton Baba Akawu yana rataye a falona, da agogonsa mai sarƙa. Mutum ne da ya yi wa kamfani aiki shekara arba'in ba a taɓa samun sa da ko tabo ba. Na san akwai tsohuwar hassada tsakanin ɓangarenku da namu, tunda mu muka yi karatu ku kuka zauna da jakuna, amma bai kamata ta bi mu har kabari ba.

Zuwa kam ba zan iya ba. Yini guda a kan bencin katako, in sauka a garin da ko masaukin baƙi na kirki babu? Mako mai zuwa zan shiga ma'ajiyar tsofaffin takardun kamfanin, a can ne gaskiya take. Shugaban kwamitinku ya zo har ofishina, mutum mai wayewa, ya tabbatar mini za a duba lamarin mazauna wurin. Ki kwantar da hankalinki.

In ba damuwa, ki ɗan rubuto mini yadda garin ya girma. Ina da babi guda da ba ni da abin zubawa a ciki.

Dakta


Bayan Tanki, 12 ga Maris

Dakta,

Gwiwa tana nan. Shekara goma ina gasa ta kafin ka ba ni wannan babban sirri. Na ji daɗi da kakana ya ba malaman jami'a dariya. Shi kuwa bai san akwai ku ba, balle ya rama.

Kana neman abin cika babi. To buɗe kunne, wannan ba ka da shi a ma'ajiyarka. Da tankin ya sauka a bakin kogi, famfo ne zai cika jirgi cikin minti goma, fasinja ko ƙafa ba zai sauke ba. Amma a nan tanki bai taɓa cika fal ba. Jirgi ya iso, ya shanye abin da ke ciki, ya tsaya jiran jakuna. Awa biyu, wani lokaci uku. Mutum ɗari uku cikin rana, ga yunwa ga ƙishirwa, dole su sauko. Kakata ta fara dafa shayi a gindin tanki. Wata ta zo da burodi, wata da dafaffen ƙwai. Garwa tana ɓulewa, maƙeri ya zo. Jakuna suka kai arba'in, mai sayar da ciyawa ya zo, mai ɗinkin mangala ya biyo shi. Wanzami ya lura cewa awa biyu ta isa a aske kai goma. Manoman kewaye suka ji akwai wurin da jirgi ke tsayawa har a yi ciniki a ɗora buhu ba gaggawa, suka fara kawo hatsi da auduga. Da kaya suka yi yawa ne kamfani ya ga dole a gina ofishi, a turo mai alƙalami. Nan ne kakanka ya shigo labarin, kan nasa ya warke.

Makarantar farko a cikin wani mataccen tarago aka yi ta, a can na koyi wannan rubutun da ka ce madalla. Daga nan sai layin maƙera, sai layin teloli, sai asibitin shan magani, sai gidajen 'yan kasuwa masu bene a tsallaken dogo. Su ne yanzu suke toshe hanci in sun wuce ta wurinmu. Ƙauyen bakin kogin kuwa har yau gida tara ne, kuma har yau ba sa gaishe mu. Daga baya aka kawo jirgin da ba ya shan ruwa, tanki ya bushe. Aka yi kwalta, kaya suka koma mota.

Wa ke da motocin? Mutumin naka mai wayewa. Ubansa ɗan garuwa ne, a ɗaki na huɗu aka haife shi, ni na riƙa goya shi yana yi mini fitsari a baya. Shi ya kwashe wa jirgi kaya har tasha ta mutu, yanzu shi ne zai gina zauren tunawa da ita. Shekaran jiya ya zo da mutum biyu da gwangwani. Ya ce, "Goggo, alheri ne ke tafe." Na ce, "Alherin ne a cikin gwangwani?" Ya ce, "Ai Dakta ya kusa gamawa, muna rage aiki ne." Na ce, "Ka shiga ɗaki na huɗu ka gaida inda aka yanke maka cibiya." Ya dubi agogo ya ce yana da taro.

Sun shafa wa ƙofofinmu shida jan fenti, Dakta, tun rahotonka bai fito ba. Kai jikan ma'aikacin jirgi ne, ba sai na yi maka bayani ba. Me ka samo a ma'ajiyar?

Yayarka


20 ga Maris

Yaya,

Muna lafiya, da fatan ku ma haka. A gurguje nake rubutu.

Na gode da bayanin, zan gyara shi ya shiga babi na uku. Kuma kin gani ko? Kina ta zargin bawan Allah, ga shi har ya fara yi muku fenti da aljihunsa. Wa zai ɓata fenti a kan abin da zai rushe? Ja dai ba launin da ni zan zaɓa ba ne, amma a wuri irin naku duk abin da ya rufe tsufan katako ci gaba ne. Ki yi masa godiya.

Ma'ajiyar babu wani abin kirki a ciki, ƙura ce da ɓeraye.

Jibi zan tafi taron masana a ƙasar waje, mako shida. Rahoton ya kusa, zan bar wa sakatariyata ta buga ta aika wa kwamiti.

Dakta


Bayan Tanki, 26 ga Maris

Dakta,

Babu gaisuwa yau, ba ni da ita.

In yi masa godiya? Kai, tir! Ashe hoton kawai kuka gada da agogo. Ko ɗan da aka yaye jiya a garin nan ya san wannan. A aikin jirgi farin fenti gyara ne, ja kuwa a cire. Tarago in ya mutu, ja. Katakon layi in ya ruɓe, ja. Ba shafe ƙofar suka yi ba, gicciye suka ja a tsakiyarta, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ni da hannuna na ja irinsa a jikin kaya ya fi sau dubu. Kana rubuta tarihin garin jirgi ba ka san launi biyu ba.

Jiya sun liƙa takarda a ƙafar tanki: za a rushe 30 ga Afrilu, in rahoto ya tabbatar.

Ka saurare ni. Na bar zagi. Ina jin tsoro, ban taɓa gaya wa kowa haka ba. A ɗakin nan aka haife ni, a nan uwata ta rasu, a nan mijina ya rasu. Ba ni da ɗa, ba ni da inda za ni. Maƙwabcina tsohon mai zuba wa jirgi kwal ne, wuta ta cinye masa idanu. Taku goma sha tara ne daga ƙofarsa zuwa famfo, taku sittin zuwa inuwar tasha, da wannan ƙirga yake rayuwa. Ya ce mini, "In an kai ni wani wuri, daga ina zan fara ƙirge?" 

Ba na son zaure, ba na son a sa sunan kakana a ko'ina. Ku riƙe sunan, ku riƙe hoton. Layi ɗaya kawai, ka ce ɗakunan sun girmi tasha. Ka bar tsakuwar, ka bar farar rigar. In wasiƙar nan ta riske ka kafin ka tashi, don zumunci ka dakatar da sakatariyar.

Yayarka


Bayan Tanki, 16 ga Afrilu

Dakta,

Jirgi uku sun zo sun wuce, babu amsa. Duk Alhamis ina jan gwiwa zuwa tasha, har mai jakar wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga taga.

An karanta rahotonka a taron kwamiti, aka yi tafi. Na je na zauna a baya. Na ji labarin kasuwa da wanzami da mataccen tarago, kalma a kalma kamar yadda na rubuta maka, sai dai duk an ce hangen nesan Akawu ne. Mu muna shafi na goma sha huɗu: "wasu bukkoki da suka biyo bayan tasha." Ka iya rubutu, madalla.

Saura mako biyu.

Yayarka


4 ga Mayu

Yayata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata gwiwa da sauƙi. Na dawo shekaran jiya, jikin ba daɗi, jinin ya hau sosai. Na tarar da wasiƙunki biyu a cikin tulin takardu. Wallahi ban san ma'anar jan fentin ba. Da kin yi mini bayani tun farko, da ba haka ba.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Kwanan nan na ci karo da wata takarda a ma'ajiyar kamfani, ga kwafinta na haɗo miki. Rahoto ne da hannun Baba Akawu, na gane rubutunsa. Ya rubuta wa injiniya cewa shugaban lebura, bai ma ce yayansa ba ne, ya sauke tanki a mil 205 saboda sakaci da jahilci, shi kuma rashin lafiya ce ta hana shi rakiya. Ya ba da shawara a kore shi. A ƙasa kuma akwai wata takardar ta bayan shekara uku, ranar buɗe ofishin tasha, tana cewa an tarar da "ɗakunan masu ɗiban ruwa guda shida" a bayan tanki.

Kin yi gaskiya, Yaya. Ki duba halin da nake ciki. Da wannan mutum aka rene mu. Mahaifina duk safiya sai ya goge hoton nan da hannun rigarsa. An riga an buga sunana a takardar gayyatar aza harsashi, 'ya'yana sun gaya wa abokansu. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya tashi da safe ya ce kakansa ya ci amanar ɗan'uwansa.

Duk da haka na yanke shawara. Zan rubuta wa jami'in kamfani ƙarin bayani, cikin lafazin da ba zai zubar da mutuncin kowa ba. Ina kan tsara shi. Ki ba ni mako biyu. Na san irin waɗannan kwamitoci, ba su taɓa yin abu a ranar da suka sa ba, saboda haka na tabbata ba a taɓa ku ba tukuna.

Ki yafe mini jinkirin.

Ƙanenki


Ɗakin kaya na tasha, 14 ga Mayu

Dakta,

Na amsa gaisuwa. Allah ya sauke jinin. Gwiwa ta koma kan simintin da ya kashe ta, ka ga inda nake rubutu a sama.

Mutumin naka mai motoci ne, ba ya makara. Ranar talatin da hantsi suka zo da katafila. Kafin azahar an gama, ɗakunan ba su yi gardama ba. Shugaban tasha na yanzu ya ji kunyata, don ni na koya masa aiki, ya ba ni kusurwa a ɗakin kaya, tsakanin sikeli da kayan da masu su ba su zo karɓa ba. Makahon, wani jikan 'yar'uwarsa ya zo ya ɗauke shi a mota. Da za a sa shi ciki ya riƙe hannuna ya ce, "Taku nawa ne zuwa can?" Na ce ban sani ba. Kwana tara ya yi a can. An aiko mana da rasuwarsa ranar Lahadi.

Na karanta kwafinka. Rubutun kakanka kyakkyawa ne, ba ƙarya. Ban yi mamakin abin da ya rubuta ba. Kakana ya sani, injiniyan ya karanta masa ita a fuska ranar da ya kore shi. Kuma da ƙanensa ya iso bayan shekara uku ba shi da wurin kwana, ya shimfiɗa masa tabarma. Wannan ban gaya maka ba a da, don ka ce ban da tatsuniya.

Amma Dakta, ka manta aikina. Shekara talatin da ɗaya duk takardar da ta shigo hannuna, kafin in karanta gabanta sai na juya bayanta na dubi hatimi. Ma'ajiyar tana buga hatimi a bayan duk kwafin da ta bayar. Naka 5 ga Maris ne. Kwana biyar kafin a zo da gwangwani. Tana cikin jakarka ranar da ka ce in yi godiya, tana ciki ranar da ka ce ƙura ce da ɓeraye. Da ita ka hau jirgin sama. "Kwanan nan na ci karo." Kai ma dai kanka ne ya yi ciwo ranar tafiya.

Ƙarin bayanin kada ka wahalar da kanka. Sun riga sun zuba harsashi, an ce kai za ka yanke ƙyalle. Ka zo da farar riga, wurin a share yake.

Abu ɗaya na fitar da kaina kafin katafila ta iso. Na sa maƙeri ya cire mini ƙofar. Na auna ta a sikelin nan, na ɗaure ta da igiya yadda ake ɗaure kaya, na rubuta sunanka da adireshin jami'a a jikinta. Tana cikin jirgin yau, tarago na biyu. Gabanta ja ne, yanzu ka san ma'anarsa. Ka juya bayanta, rubutacciyar hujja tana nan da baƙi. Sa hannu ne kawai babu, shi kuma kai za ka sa, a tasharku, kafin su ba ka.

Kada ka bar ta ta kwana bakwai a can. Kayan da ba a zo karɓa ba, ka san launin da ake ja musu.

Jikar Mai Aljihu